Ranar da Haulatu ta je makarantar ɗanta

Haulatu mai tuwo ta daɗe a unguwar Asata, can Kudu. Tun rasuwar mijinta take sayar da abinci a bayan kasuwar Ogbete, kuma Pidgin ɗinta, Turancin kasuwa, ya ishe ta ciniki. Turancin ofis ne ba ta da shi. Idan buƙata ta taso, sai ta roƙi ƙanin mijinta Salisu, dillalin shanu, ya raka ta. Shi kuwa sai ya ga dama.

Da ta gaji da roƙo, ta kama zuwa koyon Turanci wurin maƙwabciyarta Malama Mansura bayan la'asar. Ƙananan kalmomin Turancin nan, "in" da "on" da "at", su suka fi ba ta wuya. Mansura takan jefa ludayi cikin kwano, ta ɗora shi kan faifai, ta tsayar da Haulatu a bakin ƙofa, ta ce, "To Yaya, faɗi." Matan gidan suna dariya, wai tsohuwa za ta zama lauya. Ba ta kula su ba.

Sai ɗanta na fari, Aslam, ya yi faɗa a makaranta, aka ce uwarsa ta zo ko a kore shi. Salisu ya ce motar shanu na hanya. Ta tafi ita kaɗai.

An ce bayaninta ya fita tsaf, babu kalmar da ta zauna inda ba wurinta ba. Shugaban makarantar, wanda ba Bahaushe ba ne, ya saurara, sannan ya tambayi sunan yaron.

Haulatu ta sunkuyar da kai. Uwa irin tamu ba ta kama sunan ɗan fari. Ta ce, "Yaron nan." Ya sake tambaya. Ta ce, "Babban." Mutumin ya ce yara kan ɗauko hayar mata daga kasuwa su zo a matsayin iyaye, ya san wannan dabarar. Ya nuna mata ƙofa.

Aka kori Aslam. Yau yana wankin kayan ciki a mahauta. Mu da muke zaune a garin nan tun kafin a haifi shugaban, babu wanda ya taka ya yi masa bayani. Kowa da shagonsa.

Salisu ya zo jaje, yana cewa, "Ai da kin jira ni, Yaya."

Ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Ta ce, "Shanun sun iso lafiya?"