Falona da Aka Ba da Haya Ban Sani Ba

Ɗinkin labule nake yi a Makera, kuma hoto uku kacal ne suka jawo mini wannan masifar. Na ɗinka wa falona sabon labule ruwan zuma, na goge tayil, na jera filoli a kan kujeru, na ɗauka da waya na ɗora a sitatus don masu saye su gani. Har da kwatancen gida na rubuta a ƙasa, wai kada kwastoma ya sha wahalar nema. Maigidana ya duba ya ce falon kamar otal. Ni kuwa sarkin son yabo, har da yi masa ƙarin nama a miya.

Saura kwana huɗu babbar Sallah, bayan la'asar, Keke Napep ya tsaya a ƙofarmu aka yi sallama. Na leƙa na ga magidanci da matarsa da akwatuna uku. Ya ce daga Fatakwal suke, sun zo hutun Sallah wurin dangi a Kakuri, gidan ya yi musu kaɗan, shi ya sa suka kama nan na mako guda.

"Kuka kama ina, Alhaji?"

Ya miƙo mini waya. Falona ne. Labulena, agogon bangona, har da kwandon zare da na manta a gefen kujera. An rubuta ɗaki biyu da falo, hayar kwanaki, wuta ba yankewa. A Makera wuta ba yankewa. Ko wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani. Magidancin ya riga ya tura kuɗin gaba ɗaya, ya kira lambar wanda ya sa tallan a gabana, a kashe.

Raina ya ɓaci, amma da na dubi matar, ƙafafunta sun kumbura don zaman mota, sai na kasa korarsu. A gidanmu ba a barin baƙo tsaye da kaya a waje, haka na tashi na gani. Na share musu ɗakin baƙi, suka kwana biyu kafin danginsu su yi musu wuri. Ranar tafiya magidancin ya ce mu yi hoto a falon don tarihi. Na gyara ɗaurin ɗankwali, na yi murmushi har kunne. Ya sa a shafinsa, ya ba da labarin yadda aka damfare shi, ya rufe da cewa a gidan nan suka sauka, matar gidan mutuniyar kirki ce.

'Yan damfarar suka gani. Suka yanke labarin cutar suka yar, suka ɗauki hoton da layin ƙarshe suka liƙa a ƙasan tallansu. Kirkina ya zama musu shaida, fuskata ta zama hatimi.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Wasu ma'aurata daga Abuja. Wasu mata huɗu 'yan biki. Gab da Kirsimeti wata mata ta zo da niyyar yin hutu kusa da iyayenta a Unguwar Boro, ta ɗaga waya a saitin hancina tana cewa, "Madam, wannan ba ke ba ce?" Ni ce mana. Me zan ce? Ta yi ta zuba Turanci da Buroka har layin ya cika. Maƙwabciyata da muke ara wa juna turmi ta tsaya a bakin ƙofarta ta naɗe hannu tana kallona. Wannan kallon ya fi zagin matar yi mini ciwo.

Mun je wurin mai unguwa, mun kai rahoto ga 'yan sanda, mun yi ƙorafi aka sauke tallan. Bayan mako biyu ya dawo da sabon suna da sabuwar lamba. Na sauke labulen na cusa a ƙarƙashin gado. Maigidana ya sa aka rubuta da jan fenti a jikin get: BA A BA DA HAYA A NAN. Masu zuwa sai sun iso suke karantawa, to me ya yi amfani?

Na koma mai wa'azi a bakin ƙofa. In ce, baiwar Allah, gobe in za ki kama wuri, ki ce mai gidan ya kira ki ta bidiyo, ya buɗe famfo ki ga ruwa, ya fita ya nuna miki layin. Ki tura ɗan'uwa ya taka da ƙafarsa kafin ki tura ko sisi. Wa ke sauraron nasiha da akwati a hannu? Harara nake samu.

Zama ya gagare ni. Ina kan keken ɗinki, da na ji Napep ya rage gudu sai layin ɗinki ya karkace. In farke, in sake. In tashi in leƙa ta ƙasan get, in dawo, in manta inda na ajiye almakashi. Sallama da kanta ta zama mini abin tsoro, kuma wallahi na tsani yadda na koma. Daga baya na daina buɗewa. Ina hango jaka ta ƙasan get sai in ba da amsa daga ciki.

Wata Talata da hantsi, ina fama da labulen wata amarya da na ɓata sau biyu, Napep ya tsaya ya sauke kaya ya wuce. Aka yi sallama da wata siririyar murya. Na karkata kai, na ga gindin jakar Gana-mas-go da silifas. Ko tashi ban yi ba.

"Babu wuri a nan. An cuce ki, ki koma inda kika fito."

Na ci gaba da taka keke, har ina jin daɗin wannan ba ta da gardama.

Sai da aka kira azahar maƙwabciyar nan tawa ta buga ƙofa. Ta ce akwai wata tsohuwa zaune a gindin dalbejiya tun ɗazu, ta ba ta ruwa, tana cewa wai gidan 'yar ƙaninta ne nan.

Na fita ba mayafi. Gwaggo ce, yayar mahaifina, wadda ta goye ni shekara biyu lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya. Daga ƙauyenmu na bayan Funtuwa ta taso tun asuba don ganin likitan ido, ba ta da waya balle ta sanar. Tana zaune a kan jakarta, ƙullin daddawa da kuka a cinyarta.

Na durƙusa a ƙasa ina ta bayani, hoto, intanet, 'yan damfara, ni kaina na san ba ta gane komai ba. Ta lalubo fuskata da hannu, don idon ba ya gani sosai.

"Ai na gane muryarki tun ɗazu," in ji ta. "Na ji kin ce babu wuri. Shi ne na ce bari in ɗan huta, in nemi motar komawa."