Salular Maigadi da Muryar Mai Haƙar Rijiya

A shekarun da na yi aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Tahoua, ba abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya kamar diskin da muke ajiye tsofaffin hirarraki. In na kunna ordinata, wato kwamfuta, da safe, wata rana ya fito da kansa, wata rana ko ƙyallinsa. Na zagi kuran, wato wutar lantarki, na zagi zafi, na sake igiya har sau biyu. A banza.

Ran nan wata tsohuwa ta zo daga Bambeye a motar kasuwa. Mijinta mai haƙar rijiya ne, mun taɓa hira da shi kafin ya rasu. Muryarsa kawai take so ta ji, kuma motar za ta juya da azahar.

"Zauna, Inna, yanzu-yanzu," na ce da cika baki.

Na kunna, babu diski. Na kashe na kunna, babu. Kunya ta kama ni, zufa ta karyo mini.

"Ɗana, ko a nan ma ya fita yawo ne?" in ji ta. "Halinsa ke nan."

Na durƙusa bayan tebur ina lalube, sai ga wata igiya da ban sani ba ta bi ta taga. Na leƙa. Salular maigadinmu ce kwance a tabarma tana shan caji! Ashe ordinatan bai san diski da suna ba, wanda ya fara gani shi yake ba wurin. Duk ranar da dattijon ya riga ni, katin salularsa ke zama a gurbin diskina.

"Haba Baba! Tun yaushe kake wannan?"

"To, rami na gani ba kowa ciki. Mi na ɓata?"

Na zare igiyarsa, na sake kunnawa, diski ya fito salin-alin. Daga baya na rubuta wa ordinatan lambar diskin ta kansa, don kada ya ƙara ruɗewa.

Muryar marigayin ta cika ɗakin, yana ba da labarin wata rijiya mai dutse da ya ce shi kaɗai ya haƙa.

"Ƙarya yake!" Inna ta daki cinya. "Wa ke jawo ƙasar daga sama? Wa ke kai mishi hura?"

Na kai hannu zan tsayar, ta riƙe ni, tana share ido da bakin zane.

"A'a, ɗana. Maido shi baya, ya sake yi mini ita."