Kulu Ungozoma da Agogon Awon Jini

A Unguwar Jaji, wani ƙauye da ke bakin babban kanal na ban ruwa tsakanin Bunkure da Kura, da wuya ka sami wanda aka haifa cikin shekara talatin da ba Kulu ce ta yanke masa cibi ba. Gajeriya ce kakkaura, idan ta yi dariya a gidanta har maƙwabta na uku sai sun ji. Mahaifinta malami ne, a wurinsa ta koyi rubutun ajami tun tana yarinya. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona kusa da ruwa, kuma tun da aka kawo ruwan madatsar Tiga ba ta taɓa barin rani ya wuce ba ta dasa tumatir da albasa ba. Mutanen gari Gwaggo suke ce mata, babba da yaro.

Abu ɗaya ne yake kashe mata dariya, shi ne maganar 'yarta Hajara. Hajara ta haihu lafiya a hannunta, Kulu ta yi mata duk abin da ta gada: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa kwano-kwano, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Kafin a yi arba'in sai ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gagara, Allah ya karɓi abarsa. Kulu ta yarda da ƙaddara, amma tambayar ba ta bar zuciyarta ba.

A ranin shekarar 1984 wata farar fijo ta tsaya a ƙofar gidan dagaci. Wani siririn mutum mai tabarau ya fito, aka ce sunansa Likita Iliyasu, daga jami'a a Zariya. Ba allura ya zo yi ba. Bincike yake yi a kan hawan jini, yana son ya san abin da ke sa jijiyoyin jinin mutum su tsuke har wani ya yanke jiki ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Yana so ya auna mutane, ya kuma ɗebi jininsu kaɗan a kwalba ya tafi da shi cikin ƙanƙara.

Da jin maganar ɗibar jini sai maza suka fara zare jiki. Wannan ya ce ruwa na jiransa a alkamarsa, wancan ya ce ai yau aka ba layinsu ruwa. Kulu ta iso daga gona da kwandon tumatir a ka, ta tarar da baƙo zaune shi da dagaci kawai. Ta sauke kwandon, ta durƙusa ta gaida dagaci, sannan ta dubi baƙon.

"Ɗan nan, jinin namu me za ka yi da shi?"

"Baba, akwai wani sinadari da ƙoda take saki cikin jini," in ji shi. "Kamar saƙo ne, yana gaya wa jijiyoyi su matse, yana gaya wa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Shi nake son in auna."

"Ƙodar ce mai aika saƙo?"

"Ita ce, Baba."

Kulu ta tuntsire da dariya. "To, na ga jinin haihuwa da zai cika randa goma, ɗan cokalin nan ba zai tsorata ni ba." Ta zauna a tabarma ta miƙa hannu.

Ya naɗa mata wani ƙyalle mai roba a damtse, ya matsa wata 'yar ƙwallo har ya cika da iska, ya sa abin saurare a kunnensa yana kallon wani abu mai allura kamar agogo. Ya sake aunawa. Sannan ya gaya mata cewa nata jinin ya hau, kuma ba kaɗan ba.

"Ni? Ko ciwon kai ba na yi!"

"Haka yake, Baba. Ba ya sallama."

Ya ba ta ƙananan ƙwayoyi, ya ce ta rage gishiri da kanwa. Mazan da suka laɓe a bayan katanga, da suka ga Gwaggo ta tashi da ƙafarta ta ɗauki kwandonta, sai suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ran nan mutum goma sha bakwai ya auna.

Matsalar Likita Iliyasu ita ce matan aure, don ba shi da hanyar shiga gidajensu. Ya kai mako uku yana tunani kafin ya tambayi Kulu ko za ta koyi awon. Ta ce in dai ba sai ta yi Turanci ba. A zauren dagaci ya koya mata. Ranar da ta fara jin bugun jini a kunnenta, a hannun dagaci da kansa, sai ta cire abin sauraren ta riƙe baki.

"Allah ya ja zamaninka, ashe ganga ce a jikinka!"

Lambobin boko ba su ɗauke ta wata ɗaya ba. Ya bar mata agogo ɗaya da littafi, tana rubuta sunan mace da ajami, lamba kuma da boko. Ta ɗinka wa agogon jaka da guntun atamfa, tana rataya shi a wuya ƙarƙashin mayafi. Mai ciki, mai jego, tsohuwa, duk gidan da ta shiga sai ta auna kowa kafin ta sha ruwa. Duk ranar Laraba Likita yakan zo, su zauna a inuwar darbejiya, ita tana karanto sunaye shi yana kwafewa.

A irin wannan zama ne ta ba shi labarin Hajara. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce ba zai iya rantsewa a kan abin da bai gani ba, amma likitoci sun lura cewa kanwa mai yawa tana tara ruwa a jikin mai jego, zafi mai tsanani kuma yana ƙara wa zuciya aiki, wata zuciyar ba ta iya ɗauka. Kulu ta share hawaye da bakin mayafi.

"Wato da hannuna na dama mata."

"Abin da kika sani kika yi, Baba, haka iyayenmu duka suka yi. Ni ma uwata ta sha."

Daga ranar Kulu ta canza wa masu jegonta tsari. Kunun tsamiya da na gyaɗa suka maye gurbin na kanwa, ruwan wanka ya koma mai ɗumi, wutar ƙarƙashin gado ta zama 'yan garwashi. Tsofaffi suka yi ta gunaguni, wai Gwaggo ta zama 'yar boko da furfura. Ita kuwa sai ta kama hannun mai gunagunin ta naɗa mata ƙyalle, ta ce a bari a ji abin da jini zai ce tukuna. Da yawa sukan ƙare da dariya.

Abin da ya rufe bakin kowa ya faru ne a ranin 1986, ana tsakiyar tsinkar tumatir. Saude, matar wani manomi mai suna Bilya, tana da tsohon ciki na fari. Kulu ta leƙa ta da hantsi ta same ta kwance, fuska a kumbure, tana cewa kanta kamar zai tsage kuma tana ganin wasu taurari-taurari. Kulu ta auna. Allurar ta kai inda ba ta taɓa ganin ta kai ba a jikin mai ciki. Ta tuna abin da Likita ya ce mata: idan ta ga haka, kada ta jira naƙuda, jijjiga ce ke tafe.

Ba ta tsaya neman takalmi ba ta nufi gona. Ta tarar da Bilya da direban a-kori-kura, wani mai suna Uba, sun gama loda kwanduna za a kai Kano.

"Bilya, a sauke kwando shida. Saude za a shimfiɗa a nan."

"Gwaggo, ai ko naƙuda ba ta fara ba. A bari motar ta dawo mana."

"Ni na yanke maka cibi, kuma ban taɓa ce maka ka kai mace asibiti ba sai yau. Sauke!"

Bilya ya dubi fuskarta, ya hau motar da kansa ya fara miƙo kwanduna. Aka shimfiɗa katifa tsakanin sauran kayan, Kulu ta zauna ta ɗora kan Saude a cinyarta. Suka bi ta Kura suka hau titin Kano, duk ramin da aka faɗa sai tumatir ya gangaro musu. A babban asibiti ta miƙa wa ma'aikaciyar jinya littafinta ta nuna lambar da yatsa. Matar ta dubi lambar, ta dubi tsohuwa mai zani jiƙe da ruwan tumatir ba takalmi, ta ƙwalla wa likita kira. Kafin la'asar an yi wa Saude aiki, an ciro tagwaye, mace da namiji, kowa da ransa.

Ranar suna Bilya ya yanka raguna biyu, mata suka sa Gwaggo a tsakiya suna guɗa, ita kuma ta taka rawa da agogon yana lilo a ƙirjinta. Daga ranin nan har ƙauyukan wajen Madobi ake aiko mata.

Da damina ta wuce Likita Iliyasu ya ɗauke ta a fijo ya kai ta Zariya ta ga inda jininsu yake zuwa. Ta ga firiji cike da ƙananan kwalabe, ta ga injin da ke juya su kamar zai tashi sama. Abin da ya fi ba ta dariya shi ne fararen ɓeraye a keji, da ma'aikaci na musamman mai ba su abinci.

"Mu muna kashe su a rumbu, ku kuna yi musu tuwo!"

Ya nuna mata wata doguwar takarda, ya ce a cikin mutanen da suka auna, da yawa masu hawan jini saƙon nan na ƙoda bai yi yawa a jininsu ba, gishiri da ruwa ne jikinsu yake riƙewa. Shi ya sa ƙwayar da ke sa fitsari, mai araha, ta fi yi musu aiki. Kulu ta gyaɗa kai ta ce ita ma shaida ce, don tun da ta fara sha ba ta taɓa isa gona ba tare da ta ratse sau biyu ba. Ɗaliban da ke wurin suka yi ta dariya, ɗaya har da riƙe ciki.

Binciken ya ƙare a 1988, amma Likita bai karɓi agogonsa ba. Da ƙwallon robar ya fara yoyon iska, Kulu ta kai shi wurin mai facin keke a kasuwar Bunkure. Mutumin ya juya shi, ya tsoma a ruwa ya ga inda kumfa ke fita, ya manna masa faci, ta gwada a hannunsa nan take. Ta ce masa jininsa lafiya lau, amma ya rage taba.

Da jin kunnenta ya fara raguwa sai ta jawo Talatu, matar ɗan ƙaninta, wadda dama take raka ta wurin haihuwa, ta koya mata. Suna shiga gida tare, Talatu ta saurara ta faɗi lamba, Gwaggo ta rubuta, sannan ta zauna ta karɓi jariri tana yi masa wasa, tana tambayar uwar me aka dafa mata jiya.