Namadi da Gonar da Aka Daɓe

Namadi mutumin kirki ne, Allah Ya ji ƙan shi, amma kirki bai hana mutum wauta. Gonar da ya gada, tsakanin Tambuwal da Kebbe, shimfiɗe take kamar faifai, da gawo fuɗu a tsakiya. Kowace kaka, in an gama girbi, Almu mai shanu yakan sauke garkensa a cikinta su ci kara su bar taki. Haka uban Almu ya yi da uban Namadi.

Shekarar da aka samu mulkin kai sai ga wani Bature mai sayen fata da ƙirgi, wanda ake kira Dogo. Hanyar mota ta ishe shi, yana neman inda ɗan jirginsa zai riƙa sauka. Ba wanda ya tilasta wa Namadi. Kakin gadi aka nuna masa da usur, ya ce a ɗauki gonar.

Atu matarsa ta ce, "Malam, mi za mu ci? Usur?"

Ya ce, "Ke dai ba ki san zamani ba."

Aka sare gawon nan, aka zuba jar tsakuwa, aka yi wata biyu ana daɓe. Aka kafa sanda da wani ƙyalle kamar ƙafar wando, wai shi ke faɗin inda iska ta dosa. Aikin Namadi kada kofato ya taka wurin, don kashin shanu na sa taya santsi. Da kaka ta yi, Almu ya koro garke kamar kullum. Namadi ya tare shi da usur a gaban jama'a.

Almu ya ce, "Ni kaka busa ma wanga abu, abokina?"

Ya juya shanunsa ya tafi.

Shekara shida jirgin na zuwa sau biyu a wata. Namadi bai taɓa leƙa cikinsa ba, sai dai ya sara masa. Da sojoji suka karɓi mulki, Dogo ya tashi wata Laraba, ko sallama babu. Namadi ya ƙara damina biyu yana tuge ciyawa yana kallon sama, Atu na surfen mutane suna ci. Sai da ƙyallen ya ruɓe a bisa sanda ya yarda gona ta dawo hannunsa.

Ya kai gatari ƙasa, gatari ya yi tsalle. Ya haƙa ramuka da kyar ya zuba iri, gero ya fito kamar gashin jariri ya ƙone. Rannan ya tafi wurin Almu, ya cire hula ya durƙusa yana roƙon ya maido shanu.

Almu ya ce, "Ba gaba nika yi da kai ba. Tashi, kunya kaka ba ni."

Rani guda cur shanu suka kwana a filin, har ba a ganin ja sai baƙi. Namadi ya riƙa zagayawa yana murna kamar ango. Ya manta yadda Dogo ya sa aka yi wurin: tsakiya tudu, gefe gangare, don kada ruwa ya kwanta. Ruwan farko ya wanke takin nan tas, ya juye shi a gonar Maccido maƙwabcinsa. Namadi na tsaye a cikin ruwan yana kallo. Geron Maccido a shekarar sai da ya fi mutum bisa raƙumi tsawo, kuma Namadi na cikin waɗanda aka ɗauka ƙodagon yankansa.

Bai sake kai gatari wurin ba har ya rasu. Mata dai sun gode masa, don duk ƙasar nan babu masussuka mai tsabta irin wannan. Kowace kaka gero na cika gonar Namadi, kowa ya sheƙe nasa ya kwashe. Atu kan zo da yamma da ɗan ƙoƙo, ta tsinci abin da ya zube.