Rassan da Ban Datse Ba

Jiya na tsinci almakashin Kaka a bayan itacen furen da malam-buɗe-littafi ke so, a gidanmu na garin Al Wakrah da ke Qatar. Ya yi tsatsa.

Takan ce, "Datse shi sosai, 'yar nan, in ba haka ba zafin Doha zai cinye shi."

Shekarar korona, tana cikin datsewa tari ya sarƙe ta. Ta ajiye almakashin, ta ja baya. "Kar ki matso. Ki ƙarasa gobe." Daga asibiti ba ta dawo ba.

Na kasa ƙarasawa. Bana ana ta ihun ƙwallon gasar cin kofin duniya a titi, amma furen ya daina ƙamshin zuma, ganyensa na baƙi. Yau zan datse shi. Allah Ya sanyaya makwancinki, Kaka, Ya sa ban makara ba.