Rabin Yadin da Aka Ɓoye wa Tela

A layin masu ɗinki kowa Baba Tela yake ce masa, kuma abu biyu aka san shi da su: almakashi da ƙwallon tebur. Shekara talatin da ɗoriya yana yanka yadi a shago ɗaya, ɗan ƙarami mai ƙofar ƙarfe, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da maɓallai. Mutum ne da awo ya zame masa kamar ciwo. In ka ce masa ƙugunka talatin da huɗu ne, zai dube ka sama da ƙasa ya ce talatin da shida ne, ka daina yi wa tumbinka ƙarya. In ya zagaya tef kuwa, talatin da shidan za a gani.

Teburin yankansa ma da labarinsa. Tun yana saurayi ya tsaya a kan kafinta sai da aka yi masa shi yadi uku cif, daidai tsawon teburin gasa. Da yamma in an tashi daga aiki sai a kwashe yaduka, a kinkimo shi bakin shago, a ɗaura masa raga a tsakiya, layin ya cika da 'yan kallo. A kan wannan tebur ya koyi wasa, kuma sau huɗu yana ɗauko kofin gasar gari. Kofunan suna nan a saman kabad, matarsa tana ajiye zare da allura a cikin biyu.

Yana da shekara hamsin da takwas, wata safiya yana jan layi da alli a kan wani yadi ruwan toka, allin ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai iya miƙewa ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta kama dama. Bayan wata biyu a asibiti ya dawo gida yana jan ƙafa, bakinsa ya koma daidai, amma hannun daman nan da ya ciyar da gida shekara talatin ko cokali ba ya riƙewa.

Babban ɗansa, direban bas ne, a gida Babba ake kiransa. Ɗa ne na kirki, kuma kirkin nasa ne ya so ya yi yawa. Shi ya kulle shagon ya jefa makullin a aljihunsa. Shi ya hana a bar uban ya ɗauki ko buta. Almakashi kuwa sai da ya bi gidan kaf ya tattara, har da ɗan ƙaramin yankan farce. Gidan gaba ɗaya ya koma lallaɓa Tela kamar ƙwai. In ana magana ya shigo sai a yi shiru, in ya tambayi abu a ce babu komai, ya huta kawai. Wannan hutun ya fi ciwon cin ransa.

Likita ce ta ce a samar masa tebur mai tsayi, ya riƙa tsayawa yana ninke kaya da hannun hagu don jiki ya motsa. Babba ya ɗauko teburin shago a saman bas, aka shigar da shi falo wata rana da uban ya je ganin likitar. Tela ya dawo ya tarar da shi, ya shafa shi tun daga wannan kai har wancan. Kwana uku ya yi yana ninke tawul, a na huɗu ya ce wa matarsa, wadda kowa ke kira Maman Babba, ta duba masa ƙasan akwati ta ɗauko raga da ƙwallo da katakon bugunsa.

Maman Babba ba ta taɓa buga ƙwallon nan ba. Shekara talatin tana mita a kansa, tana cewa shi ne ya cinye mata yammacin miji. Sai ga ta tsaye a ɗaya ɓangaren, zani ɗaure tamau, da murfin tukunya a hannu. Satin farko ƙwallon ta fi zama a ƙarƙashin kujera fiye da kan tebur. Hannun hagun Tela ya zama kamar baƙo a jikinsa, ya aike shi gabas ya nufi yamma. Amma mutumin da ya saba warware ɗinki sau uku don kuskuren rabin inci ba ya gajiya da maimaici. Da yake ƙafa ba ta bari ya yi tsalle-tsalle, sai ya manne da tebur, ya koyi tare ƙwallo tun tana tasowa ya ajiye ta can gindin raga. Bayan wata biyar mai gyaran agogo ya fara zuwa suna bugawa, bayan wata takwas ya daina cin Tela ko sau ɗaya.

Abu ɗaya ne yake damunsa, kuma bai faɗa wa kowa ba. Tun ranar farko idonsa ke gaya masa teburin nan ya ƙanƙance. Tef ɗinsa yana kulle a shago, kuma ko da yana kusa ba lalle ya ɗauka ba, don tsoro yake ji. Ya ga yadda ciwon nan ke taɓa wa wasu kai a asibiti. In ya buɗe baki ya ce tebur ya rage tsawo, ya san kallon da za a yi masa. Sai ya haɗiye abin, yana kwana yana tashi da shi.

Ana cikin haka Babba ya zo da magana. Ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito fili: wani mai sayar da wayoyi yana son shagon, ƙarshen wata za a miƙa masa makulli, keken ɗinkin kuma a kawo gida a rufe da zane. Tela ya ce hannunsa na hagu zai iya yanka. Babba ya yi irin murmushin da ake yi wa marar lafiya, ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

"Ranar Asabar akwai gasa," in ji Tela. "Na sa sunana. Ka zo ka ga hannun da idonka, sannan ka ba da shagona."

Babba ya so ya hana, uwarsa ta harare shi, dole ya ajiye aiki ya kai su.

A babban zauren wata makaranta ake yin gasar, tebur huɗu a jere, fankoki na ta juyi ba sa kawo iska. Da aka jefa ƙuri'a, sai ta haɗa Tela da mai riƙe da kofin, wani matashi mai gyaran waya da ake wa laƙabi da Guduma, saboda in ya ja baya ya maka ƙwallo sai ka ji tausayin teburin. Tsofaffin da suka san Tela a zamaninsa suka tafa masa da ya shigo yana jan ƙafa, irin tafin girmamawa da ake yi wa wanda ba a sa ran komai daga gare shi. Guduma ma ya rusuna ya gaishe shi. Dokar wasan mai sauƙi ce: maki goma sha ɗaya ke cin zagaye, wanda ya ci zagaye uku ya wuce.

Zagayen farko ya tafi kamar ruwa, sha ɗaya da huɗu. Ba ƙarfin bugun ne ya kayar da Tela ba, don in ya kai hannu yana tarewa. Abin da ya faru ya fi haka ban haushi. Guduma zai aiko doguwar ƙwallo, Tela ya dube ta ya tabbata ta wuce tebur, ya janye hannunsa, sai ta sauka ciki ƙwas. Sau biyar haka a zagayen farko, sau shida a na biyu. 'Yan kallo suka fara ƙus-ƙus, wai tsoho ba ya gani. Babba ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota. Aka tashi biyu da babu, saura zagaye ɗaya a sallame shi.

Tela ya zauna a benci, tawul a wuya, matarsa ta miƙa masa ruwa bai karɓa ba.

"Maman Babba, kaina ne," ya ce a hankali. "Idona ya ce ta fita, sai ta faɗa ciki. Tun a gida nake ganin teburina ya ƙanƙance, na kasa faɗa miki. Babba ya yi gaskiya, a ba da shagon."

Matar ta dafe ƙirji. Ta waiga ta dubi ɗanta, ta dubi mai gyaran agogo, kowa ya kau da kai.

"Malam, kanka ƙalau yake. Teburin ne. Ranar da aka kawo shi ya ƙi shiga lungun falo, Babba ya kira kafinta ya datse shi, aka goge bakin aka shafa fenti. Mun ce kada ranka ya ɓaci."

Tela ya ɗago. "Nawa aka datse?"

"Rabin yadi."

Wata takwas yana zargin kansa da taɓin ƙwaƙwalwa, ashe idonsa ne kaɗai mai gaskiya a gidan. Haushi ya taso masa har wuya, amma wani sanyi ya riga shi sauka a ƙirji, irin wanda bai ji ba tun ranar da alli ya faɗi. Sai kawai ya fashe da dariya, har alƙalin wasa ya juyo.

"Rabin yadi, raga a tsakiya," ya ce. "Kwatan yadi a gabana, kwata a gabansa. Ai wannan gyara ne ƙarami. Ba ni ruwan."

Da ya koma, sai ya yi abin da yake yi in yaro ya girme wandonsa: ya saki kwata. Ya ja baya kaɗan, ya ce wa hannunsa duk ƙwallon da ta zo a tare, babu sauran janyewa. Nan kuma kuskuren gidansu ya juya ya zama riba. Hannun da ya koyi wasa a gajeren tebur ba ya aika ƙwallo nesa, can gindin raga yake ajiye ta, ta yi ɗan tsalle ta mutu. Guduma kuwa mutumin baya ne, sai ya sami fili yake maka ta. Dole ya riƙa rugowa gaba yana miƙa hannu, in ya ɗaga ta da ƙyar Tela ya karkatar da ita gefen da babu kowa. Zagaye na uku Tela ya ci da sha ɗaya da tara, mutane suka ce Guduma ne ya ɗaga wa tsoho ƙafa. Na huɗu ya ci da sha ɗaya da bakwai, aka daina faɗin haka. Masu wasa a sauran teburan suka ajiye nasu suka zagayo.

A zagaye na biyar ƙafar dama ta fara rawa. Guduma ba wawa ba ne, ya gane, ya riƙa tura ƙwallo can dama inda Tela ba ya kaiwa da wuri, har ya kai maki goma Tela yana da takwas. Saura ɗaya a gama. Tela ya tare biyu a jere, aka yi goma da goma, yanzu sai wanda ya ba da ratar maki biyu ne zai ci. Ya ajiye ta gindin raga, Guduma ya kai hannu ya tura ta cikin ragar. A ta ƙarshe matashin ya tattara ƙarfinsa ya aiko doguwa, irin wadda ɗazu Tela zai rantse ta fita. Ya sa katakon ya tare ta kawai. Ta haye raga da ƙyar, ta yi tsalle biyu kafin Guduma ya iso.

Zauren ya kaure da ihu. Maman Babba ta zauna a benci tana share hawaye da bakin mayafi, mai gyaran agogo yana gaya wa duk wanda ya tsaya kusa cewa shi ne kocin. Guduma ya zagayo ya kama hannun hagun nan da hannu biyu, ya juya shi yana dubawa kamar wayar da aka kawo masa gyara. A wasa na gaba wani malamin makaranta ya fitar da Tela uku da babu, don ƙafar ta riga ta gama nata. Babu wanda ya damu, kuma har yau ba kowa ke tuna wanda ya ɗauki kofin shekarar ba.

Ranar Litinin da safe Babba ya shigo falo ya durƙusa, ya ajiye abu uku a kan teburin: makullin shago, babban almakashi, da yadi huɗu na shuɗi da yake so uban ya ɗinka masa riga. Ya ce guntun katakon da aka datse yana nan a bayan gida, kafinta ya ce zai haɗu. Ya ba da haƙuri. Tela ya ce datse tebur ba komai ba ne, ɓoyewar ce ta kusa kashe shi, kada a sake.

Tare suka je suka buɗe shagon. Ƙura ta rufe keken, tef ɗin yana rataye a ƙusar da ya bar shi. Rigar nan sai da ta ci kwana biyar, don almakashin dama ba ya son hannun hagu, kuma hannun rigar ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Babba ya sa ta a haka, ya yi ta tuƙi da ita har ta koɗe. Amma a safiyar nan ta farko, da ya tsaya a tsakiyar shago ya ware hannuwa, sai ya ce don ya sauƙaƙa wa uban aiki:

"Baba, ba sai ka wahala ba. Ƙuguna talatin da huɗu ne."

Tela ya dube shi sama da ƙasa. Ya danne kan tef ɗin da hannun daman da ba ya riƙe komai, ya zagaya da hagu, ya sa babban yatsa a kan lambar, ya juyo da ita saitin idon ɗansa.

"Karanta da kanka," ya ce.

Babba ya karanta, talatin da shida.