Na'urar Sharar Inna

A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, yayata da ke aure a Jidda ta aiko wa Inna wata na'ura mai share ɗaki da kanta, zagayayya kamar faifai, sai dai ta fi shi kauri. Ciwon bayan Inna ne dalili. Likita ya hana ta sunkuyo, ita kuma ba ta yarda wani ya share mata ɗaki, wai ai ba ta mutu ba tukuna.

Na'urar ce kaɗai ta yarje wa. Duk ranar da aka kawo mana wuta a unguwarmu ta Sheshe sai a yi mata caji, Inna ta zauna a bakin gado tana kallonta tana zagaya ledar ɗakin, har sannu take yi mata. Aibinta ɗaya, ba ta san salla ba. Rannan Inna na zaman tahiya a sallar walaha sai na'urar ta hau darduma, ta gifta ta gabanta, ta dawo ta tunkuyi gwiwarta.

Maganin mai sauƙi ne: a kashe ta in za a yi salla. Haka Inna ta ce. Amma ni malamin kimiyya ne, ba rediyon da ya shigo gidanmu ban ga hanjinsa ba. Na ce zan koya mata ladabi, in sa ta riƙa juyawa da ta taɓa bakin darduma. Gaskiyar magana cikinta kawai nake son gani.

Ranar Asabar na kai ta soro, na kwance notunan na zuba a murfin kwano. Ina ɗaga marfin na ji wani abu ya ce ɓas. Wata siririyar waya ce ta tsinke. Na ɗauko dalma zan liƙe, na ƙona wurin gaba ɗaya. Masu gyaran rediyo uku na kai wa, kowanne sai ya jujjuya ta ya tambaye ni mene ne wannan.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Da safe na jiyo ƙarar tsintsiya. Na tarar da ita a sunkuye, hannu ɗaya dafe da ƙugu, tana cije leɓe. Na miƙa hannu zan karɓa, ta hana ni.

Ranar Juma'a yayata ta kira ta salulata, ta tambayi Inna labarin na'urar. Inna ta dube ni, sannan ta ce, "Tana nan, tana aikinta."

Tunda nake ban taɓa jin Inna ta yi ƙarya ba sai ranar, kuma ni na sa ta. Ta miƙo mini wayar, ta jawo carbi, ta daɗe tana istigfari. Da ta gama ta ce, "In ta sake kira, kai za ka faɗa mata."

Juma'ar da ta zagayo, tun da safe na kashe wayar.